Georg Büchner (1813–1837): Marubucin da Bai Ga Wasansa a Dandali Ba

Gabatarwa

A shekarar 1837 ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, ya bar daula da tarin littattafai. A farkon wannan shekarar, ranar 19 ga Fabrairu, wani saurayi Bajamushe ya cika a wani ɗan ɗakin haya a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, yana da shekara 23 da wata huɗu. Sunansa Georg Büchner. Mutanen Zurich sun san shi ne a matsayin sabon malamin jami'a mai feɗe kifaye, kuma ɗan gudun hijira da hukumar ƙasarsu ke nema ruwa a jallo. Wasan kwaikwayo ɗaya tak aka buga masa yana raye, shi ma sai da aka yi masa kwaskwarima. Ba a nuna ko ɗaya daga cikin wasanninsa a dandali ba sai bayan shekara 58 da rasuwarsa. Yau kuwa kyauta mafi daraja a adabin Jamusanci da sunansa ake kiran ta.

Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa daga haihuwa zuwa rasuwa, ta duba halin da ƙasarsa take ciki, da abin da ya rubuta, da yadda aka tono rubutun nasa bayan an manta da shi. Daga ƙarshe za a taɓo abin da ɗalibin wasan kwaikwayon Hausa zai tsinta a ciki, ko a Kano yake ko a Nima da Mamobi.

Ƙasar da Aka Haife Shi

A wancan zamani Jamus ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce. Bayan faɗuwar Napoleon, taron da manyan ƙasashen Turai suka yi a Vienna a 1815 ya bar Jamusawa a rarrabe cikin masarautu da birane masu cin gashin kansu kusan 39, kowace da fadarta da sojojinta da shingen kwastan nata. Ɗaya daga ciki ita ce Hesse, mai hedikwata a Darmstadt, wadda yawan mutanenta ya ɗan haura 700,000. Galibinsu ƙananan manoma ne da masaƙa da 'yan ƙwadago. An soke dokar da ta ɗaure manomi ga gonar ubangidansa, amma sai aka ɗora masa biyan kuɗin fansa a kan harajin da yake biya. Ga kuma yunwar 1816 da 1817 da ta bi Turai sakamakon lalacewar amfanin gona.

Sarakunan sun tsorata da abin da ya faru a Faransa tun 1789, don haka a 1819 suka amince da dokokin Karlsbad. Dokokin sun sa ido a kan jami'o'i, sun haramta ƙungiyoyin ɗalibai, sun kuma wajabta cewa duk rubutun da bai wuce shafi 320 ba sai ya bi ta hannun mai tacewa kafin a buga shi. Dabarar a fili take: babban littafi mai tsada ba ya isa hannun talaka, jarida da 'yar ƙasida su ne abin tsoro.

A 1830 aka sake juyin juya hali a Paris, iskarsa ta kaɗo har Jamus. Manoman arewacin Hesse suka tashi suna ƙona ofisoshin haraji da na kwastan, sojoji suka far musu, aka zubar da jini a ƙauyen Södel. A shekarar ce kuma sabon sarki, Ludwig na Biyu, ya nemi majalisa ta biya masa bashinsa na ƙashin kansa, gulden miliyan 2, daga baitulmali.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Büchner ranar 17 ga Oktoba, 1813, a ƙauyen Goddelau kusa da Darmstadt, daidai kwanakin da ake gwabza yaƙin Leipzig wanda ya karya ƙarfin Napoleon. Mahaifinsa, Ernst Büchner, likita ne da ya taɓa aiki a rundunar Napoleon, kuma bai daina ganin girmansa ba. A 1816 iyalin suka koma Darmstadt. Georg ne babba cikin 'ya'ya shida da suka rayu, kuma gidan gidan ilimi ne: ƙanensa Ludwig ya yi suna da wani littafin falsafa a 1855, ƙanwarsa Luise ta zama marubuciya mai fafutukar ilimin mata, Wilhelm ya kafa masana'antar rini, Alexander ya koyar da adabi a Faransa.

A ƙarshen 1831 ya tafi Strasbourg, cikin ƙasar Faransa, don karatun likita. Shekara biyun da ya yi a can su suka buɗe masa ido. Ya tarar da jaridu suna sukar gwamnati a fili, ɗalibai suna muhawara kan mulkin jamhuriya, ƙungiyoyin asiri suna maganar haƙƙin ma'aikata. Ya sauka a gidan wani limamin coci mai suna Jaeglé, ya shaƙu da 'yarsa Wilhelmine, wadda ake kira Minna, har suka yi alkawarin aure a ɓoye. Wasiƙun da ya rubuta mata da waɗanda ya aika wa iyayensa su ne babbar kafar sanin tunaninsa.

Dokar Hesse ta tilasta wa ɗan ƙasa ya kammala karatunsa a jami'ar gida, saboda haka a Oktoban 1833 ya koma Giessen. Garin ya yi masa ƙunci, ya kwanta rashin lafiya, ya shiga damuwa. A farkon 1834 ya rubuta wa Minna cewa ya duƙufa a kan tarihin juyin juya halin Faransa, kuma abin da ya gani ya karya masa zuciya. A ganinsa tarihi yana tafiya ne bisa wata doka da ba ta sauraron kowa, manyan mutanen da ake yi wa kirari kuwa igiyar ruwa ce kawai ta ɗaga su. Abin mamaki shi ne, mutumin da ya rubuta wannan bai naɗe hannu ba. Cikin 'yan makonni ya kafa ƙungiyar asiri.

Ƙasidar Manoman Hesse

A watan Maris na 1834 ya kafa Ƙungiyar Haƙƙin Ɗan Adam a Giessen, wadda ta haɗa ɗalibai da masu sana'ar hannu, daga baya ya buɗe reshenta a Darmstadt. Ta hannun abokinsa August Becker ya sadu da Friedrich Ludwig Weidig, shugaban makaranta kuma malamin coci a Butzbach, wanda shi ne jigon 'yan adawa na ɓoye a yankin. Büchner ya rubuta wata ƙasida domin manoma, wadda aka sa wa suna Der Hessische Landbote, wato Manzon Karkarar Hesse.

Abin da ya bambanta ta da sauran takardun siyasa na lokacin shi ne lissafi. 'Yan adawa masu ilimi suna kuka ne a kan 'yancin jarida da tsarin mulki, abubuwan da manomi mai kwana da yunwa bai damu da su ba. Büchner ya ɗauko alƙaluman kasafin kuɗin gwamnati, ya nuna cewa ana tara sama da gulden miliyan 6 a shekara daga wannan 'yar ƙasa, sannan ya bi su kashi-kashi: ga abin da fada ke ci, ga na soja, ga na 'yan sanda da alƙalai, ga na fansho. A kowane kashi sai ya tambayi manomi me ya samu a madadin guminsa. Wanda ya san yadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jero haraje-harajen sarakunan Hausa, irin su jangali, a cikin Kitab al-Farq, zai gane wannan dabara ta kiran zalunci da sunansa ɗaya bayan ɗaya.

Weidig ya ga rubutun ya yi zafi. Yana tsoron kada ya kori attajirai masu sassaucin ra'ayi da ke taimaka wa 'yan adawa. Sai ya goge wuraren da aka soki masu kuɗi, ya mayar da sukar kan masu sarauta, ya ƙara ayoyin Baibul domin ya san da su ake shiga zuciyar manomi. Büchner ya fusata ƙwarai, har ya ce ba ya gane rubutun a matsayin nasa. Duk da haka aka buga ta a asirce a Offenbach cikin watan Yuli, shafi takwas.

Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. A cikin na kusa da Weidig akwai wani mai suna Kuhl da yake sayar wa hukuma labari. Ranar 1 ga Agusta aka cafke wani ɗalibi, Karl Minnigerode, a ƙofar Giessen da kwafe sama da 100 a ɓoye cikin tufafinsa da takalmansa. A daren Büchner ya kama hanya ya gargaɗi sauran abokan tafiya. Da ya dawo ya tarar an bincike ɗakinsa, sai ya tafi da ƙafarsa wurin alƙalin jami'a, Konrad Georgi, ya kai ƙarar an shiga masa ɗaki ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ƙarfin hali ya ruɗa hukuma na ɗan lokaci. An sake buga ƙasidar a Nuwamba, amma ba ta tayar da boren da aka yi fata ba. Becker ya shaida wa masu bincike daga baya cewa manoma da yawa sun kai kwafen da suka tsinta wurin 'yan sanda da kansu.

Mutuwar Danton

Mahaifinsa ya dawo da shi Darmstadt ya tsare shi a gida da karatu. Ana ta kama abokansa ɗaya bayan ɗaya, shi ma ana kiransa ana yi masa tambayoyi. Cikin wannan hali, tsakanin Janairu da Fabrairu na 1835, ya rubuta wasansa na farko, Dantons Tod, wato Mutuwar Danton, a cikin mako biyar ko ƙasa da haka. Yana bukatar kuɗin gudu.

Wasan yana da kashi huɗu, kuma ya ɗauki kwana goma sha uku na ƙarshen rayuwar Georges Danton, daga 24 ga Maris zuwa 5 ga Afrilu, 1794. Danton na cikin waɗanda suka kifar da sarautar Faransa, shi ne ma ya taimaka aka kafa kotun juyin juya hali. A wasan an same shi ya gaji da jini, kisan gillar da aka yi wa fursunoni a Satumban 1792 yana hana shi barci, ya koma ga mata da shagali. Kishiyarsa Robespierre mutum ne mai tsantseni da ya yi imani cewa tsarkin jamhuriya ba ya tabbata sai da tsoro. Abokan Danton suna roƙonsa ya tashi ya kare kansa, shi kuwa yana jan ƙafa, yana ganin ba za a iya taɓa shi ba, har kotun da ya kafa ta yanke masa hukuncin fille kai. Tsakanin waɗannan manya biyu akwai talakawan Paris, masu tafa wa wannan da safe su tafa wa wancan da yamma, alhali burodi bai sauko ba.

Kusan kashi ɗaya cikin shida na maganganun wasan Büchner ya kwaso su ne kai tsaye daga littattafan tarihi da jawaban da aka yi a majalisa da kotu. Amma bai bar tarihi ya ɗaure masa hannu ba. A wasan matar Danton ta sha guba ta bi mijinta, alhali ta gaskiyar ta rayu shekaru masu yawa bayansa. An rufe wasan da Lucile, matar abokin Danton, wadda hankalinta ya gushe, ta ɗaga murya a gindin injin fille kai ta yi wa sarki fatan alheri, don ta san wannan kalma ita ce za ta sada ta da mijinta.

Ya aika da rubutun ga Karl Gutzkow, wani matashin edita a Frankfurt, wanda ya gane darajarsa nan take. Sai dai kafin ya wuce hannun mai tacewa, Gutzkow ya datse kalaman batsa da na saɓo da dama. Da iyayensa suka nuna damuwa kan ƙazamin bakin 'yan wasan, Büchner ya ba su amsa a wata wasiƙa cewa marubucin wasa ɗan'uwan masanin tarihi ne, aikinsa ya nuna mutane yadda suke, kuma ba zai mayar da 'yan juyin juya hali waliyyai don 'yan mata su ji daɗin karatu ba. Ya ce yana girmama Shakespeare da Goethe, amma Schiller, mai ƙera jarumai marasa aibi, bai cika burge shi ba.

Gudun Hijira

Bai jira kuɗin littafin ba. Ranar 9 ga Maris, 1835, ya tsallaka iyaka ya shiga Faransa, ya koma Strasbourg. A watan Yuni hukumar Hesse ta fitar da takardar cigiyarsa a jaridu, da bayanin shekarunsa da launin gashinsa da raunin ganinsa, bisa zargin cin amanar ƙasa. Daga nan bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba.

A cikin wata goma sha tara da ya yi a Strasbourg ya yi aikin da zai ishi wani shekara goma. Ya fassara wasanni biyu na Victor Hugo don neman abin kai wa baki. Ya rubuta Lenz, ƙagaggen labari a kan wani marubuci na gaske, Jakob Lenz, wanda ciwon taɓin hankali ya kama, ya yi kusan mako uku a gidan wani limamin coci mai suna Oberlin a cikin duwatsun Vosges a farkon 1778. Büchner ya yi amfani da bayanan da Oberlin ya rubuta, amma ya shigar da mai karatu cikin kan majinyacin, ta yadda duwatsu da hazo da shirun dare suke sauyawa daidai da sauyawar hankalinsa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna yaba daidaiton wannan siffantawa.

Ya kuma rubuta wasan ban dariya, Leonce und Lena, domin wata gasa da kamfanin ɗab'i na Cotta ya sa. Rubutun ya isa a makare, aka mayar masa da shi ba a ko buɗe ba. Labarin ɗan sarki ne da 'yar sarki da aka shirya musu auren dole ba su taɓa ganin juna ba. Kowannensu ya gudu, suka haɗu a hanya ba su san juna ba, suka ƙaunaci juna, suka dawo aka ɗaura musu aure a cikin shigar ɓad-da-kama, sai ga shi abin da suka guje wa shi suka faɗa. A ƙarƙashin raha akwai habaici mai ɗaci: masarautar ƙanƙanuwa ce har ana hango iyakokinta ta tagar fada, sarkin sai ya ƙulla hankicinsa kafin ya tuna da talakawansa, manoma kuwa an jera su a bakin hanya su yi gaisuwa, ladansu shi ne su shaƙi ƙamshin gasasshen nama.

Duk wannan a gefe yake yin sa. Babban aikinsa shi ne bincike a kan jijiyoyin wani kifin kogi mai gashin baki, wanda ya rubuta da Faransanci ya gabatar wa ƙungiyar masana halittu ta Strasbourg a 1836. Da shi jami'ar Zurich ta ba shi digirin dakta a watan Satumba. A Oktoba ya koma Zurich, a ranar 5 ga Nuwamba ya gabatar da laccar gwaji a kan jijiyoyin ƙoƙon kai, aka ɗauke shi koyarwa. Ya kama ɗaki a gida mai lamba 12 a layin Spiegelgasse. Bayan shekara tamanin, Lenin ya zauna a gida mai lamba 14 a wannan layi yana jiran nasa juyin juya halin.

Woyzeck

Da rana yana feɗe kifi da kwaɗi, da dare yana kan wasan da bai ƙarasa ba, wanda kuma shi ne ya fi ɗaukaka sunansa. Tushensa shari'a ce ta gaske. A watan Yuni na 1821, a Leipzig, wani tsohon soja kuma wanzami mai suna Johann Christian Woyzeck, wanda ba shi da aiki ba shi da wurin kwana, ya daɓa wa wata bazawara da yake nema wuƙa saboda kishi. An yi ta gardama ko yana cikin hankalinsa, domin ya ce yana jin muryoyi. Likitan gwamnati, Clarus, ya duba shi sau biyu, ya yanke cewa lafiyarsa ƙalau, rashin tarbiyya ne kawai. Ranar 27 ga Agusta, 1824, aka sare masa kai da takobi a dandalin kasuwar Leipzig a gaban dubban 'yan kallo. An buga rahoton Clarus a wata mujallar likitoci, ta nan ya iso hannun Büchner.

Abin da Büchner ya yi shi ne ya sake buɗe shari'ar a dandali. Woyzeck ɗinsa farabitin soja ne da ya haihu da wata mata, Marie, ba tare da aure ba. Albashinsa ba ya isa, don haka yana yi wa kyaftin ɗinsa aski, yana kuma sayar da jikinsa ga wani likita da ya ɗora shi kan cin wani nau'in wake zalla na tsawon watanni don gwaji. Kyaftin yana yi masa wa'azin ɗa'a, Woyzeck yana nuna masa cewa ɗa'a tana da sauƙi ga mai kuɗi a aljihu. Da ya gaya wa likita yana gane-gane da jiye-jiye, likitan murna ya yi, ya ƙara masa lada, domin ya samu abin rubutawa. Sai ga sarkin badujala, ƙato mai ado, ya ba Marie 'yan kunne ya ja ra'ayinta, ya kuma lakaɗa wa Woyzeck duka a gidan giya. Woyzeck ya sayi wuƙa mai arha, ya ja Marie bayan gari ya kashe ta.

Kafin wannan lokaci, wasan ban tausayi a Turai na sarakuna ne da jarumai, daga baya aka shigo da attajirai. Talaka yana fitowa ne don a yi dariya. Masana da yawa suna ɗaukar Woyzeck a matsayin wasan ban tausayi na farko a Jamusanci da ya sa matalauci tuburan ya zama tauraro. Büchner bai wanke shi daga laifi ba, jinin Marie yana hannunsa. Tambayar da ya ajiye ita ce: mutumin da aka yi wa wannan tatsa, jiki da hankali, nawa ne ya rage nasa da za a hukunta? Tun a 1834 ya rubuta wa iyayensa cewa ba ya raina kowa don ƙarancin ilimi ko basira, domin yanayin da ke gina mutum ba a hannunsa yake ba.

Zubin wasan ma sabo ne. Babu kashi-kashi, sai gajerun fitowa masu bin juna kamar walƙiya. Talakawan ciki suna magana da karin harshen Hesse, da guntayen jimloli da waƙoƙin gargajiya da karin magana, masu ilimin ciki kuwa suna zuba manyan kalmomi marasa kan gado. Akwai inda wata kaka ta yi wa yara tatsuniya, amma tatsuniyar maraya ce da ya je wata da rana da taurari ya tarar duk ruɓaɓɓu ne, ya dawo duniya ya zauna shi kaɗai yana kuka. Ba kurunƙus mai daɗi, ba darasi.

Rasuwarsa da Tono Ayyukansa

Ranar 2 ga Fabrairu, 1837, zazzaɓin taifot ya kwantar da shi. Maƙwabtansa, Wilhelm Schulz da matarsa Caroline, su ma 'yan gudun hijira daga Hesse, suka yi jinyarsa. Minna ta iso daga Strasbourg ranar 17 ga wata, ta same shi da ƙyar yake gane mutane. Bayan kwana biyu ya rasu. Bayan kwana huɗu da rasuwarsa aka tsinci Weidig cikin jini a kurkukun Darmstadt, bayan kusan shekara biyu yana shan azaba a hannun alƙali Georgi. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa. Da Büchner bai gudu ba, a wannan gidan yari zai kasance. Minna ba ta yi aure ba har ta rasu a 1880.

A 1850 ƙanensa Ludwig ya buga tarin rubuce-rubucensa, amma ya bar Woyzeck a waje, domin tawadar ta koɗe, rubutun ƙanana ne, ga shi babu tsari. Sai a shekarun 1870 wani marubuci, Karl Emil Franzos, ya karɓi takardun, ya shafa musu sinadari don tawadar ta fito, ya buga wasan cikin cikakken tarin 1879. Ya karanta sunan tauraron ba daidai ba, ya rubuta Wozzeck, ya kuma jera fitowa-fitowar yadda ya ga dama. Har yau masu shirya wasan kowa da irin jerin da yake bi, domin marubucin bai bar tsari na ƙarshe ba.

An fara nuna Leonce und Lena a Munich a 1895, Mutuwar Danton a Berlin a 1902, Woyzeck kuma a Munich ranar 8 ga Nuwamba, 1913, shekara ɗari da haihuwarsa. Marubuta irin su Gerhart Hauptmann da Frank Wedekind da Bertolt Brecht suka ɗauke shi tamkar ɗan zamaninsu. Alban Berg ya mayar da wasan na waƙa a 1925, da sunan nan na kuskure. Werner Herzog ya yi fim ɗinsa a 1979. A 1992, a Afirka ta Kudu, William Kentridge da ƙungiyar Handspring suka mayar da Woyzeck baƙin ɗan ci-rani a Johannesburg ta shekarun 1950. Kyautar Georg Büchner, wadda aka kafa a 1923, ta faɗa hannun Günter Grass da Heinrich Böll da Elias Canetti da Elfriede Jelinek kafin kowannensu ya samu kyautar Nobel.

Abin Lura ga Ɗalibin Hausa

Abu na farko shi ne tushen jigo. Büchner bai ƙago labari daga iska ba: kasafin kuɗi, jawabin majalisa, littafin jinya, rahoton likita, su ne kayan aikinsa. Irin waɗannan takardu suna nan jibge a tarihin Hausawa. A birnin Accra, wanda Hausawan Zango ke kira Ankara, Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki, kuma Nima da Mamobi sun bunƙasa ne a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, da 'yan ci-rani daga arewa, cikinsu har da tsofaffin sojoji. Ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi suka yi maci zuwa fadar gwamna a Christiansborg don neman haƙƙinsu, aka harbe uku daga cikinsu: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta tafiyar da ta kai ga 'yancin Ghana a 1957. Sojan da aka gama amfani da shi aka yar, ba baƙo ba ne a Zango.

Na biyu shi ne matsayin talaka a dandali. Malam Aminu Kano ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen sukar zaluncin masu mulki tun kafin a kafa NEPU a 1950, kuma saɓanin da ya shiga tsakanin Büchner da Weidig, wato ko a fito da rabuwar mai shi da mara shi a fili ko a lulluɓe ta don kada a kori abokan tafiya, tambaya ce da 'yan siyasar talakawa suka fuskanta a ko'ina.

Na uku shi ne harshe. Kamar yadda Shu'aibu Maƙarfi ya kawo Hausar kasuwa da ta zaure cikin Jatau na Kyallu da Zamanin Nan Namu, haka Büchner ya bar wanzaminsa ya yi magana da bakin garinsu. Hausar Zango, da aron kalmominta da karinta na daban, tana da wannan dama.

Kammalawa

Duk abin da Büchner ya bari na adabi, wato ƙasida ɗaya, labari ɗaya da wasanni uku, ya rubuta shi ne cikin shekara uku, tsakanin 1834 da 1837, yawancinsa yana ɓuya ko yana gudun hijira. Manoman da ya rubuta wa ƙasida ba su tashi ba, gasar da ya shiga ba a duba takardarsa ba, wasan da ya fi ƙarfi a cikin ayyukansa ya yi shekara kusan arba'in a ajiye ba mai iya karanta shi. A 1875 aka kwashe ƙasusuwansa daga tsohuwar maƙabartar Zurich aka mayar da su kan tudun da ke kallon birnin. Takardun Woyzeck kuwa, da tabon sinadarin Franzos a jikinsu, suna ajiye a gidan adana rubuce-rubucen Goethe da Schiller da ke Weimar.